Yadda ake tsare ruwan asibiti daga ƙwayar Lejiyonela mai kawo ciwon huhu

A watan Yulin 1976 tsofaffin sojojin Amurka, 'yan ƙungiyar American Legion, suka yi taronsu a wani babban otal da ke birnin Filadelfiya. Taro ya tashi lafiya, kowa ya kama hanyar gida. Ba a jima ba zazzaɓi mai zafi da tari da sarƙewar numfashi suka fara kayar da su ɗaya bayan ɗaya. Mutum fiye da 200 suka kwanta, har da waɗanda wucewa kawai suka yi ta gaban otal ɗin, 34 kuma suka riga mu gidan gaskiya. An yi zargin guba, an yi zargin sabuwar mura, aka shafe kusan wata shida ana lalube. Sai a watan Janairun 1977 wani masani a hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, mai suna Joseph McDade ya gano ƙwayar bakteriyar da ta yi wannan aika-aika. Daga sunan ƙungiyar aka raɗa mata suna Lejiyonela, wadda littattafan likitanci ke rubutawa Legionella. Zato mafi ƙarfi shi ne daga ruwan na'urar sanyaya ginin ta fito.

Ƙwayar nan ba baƙuwa ba ce a duniya. Tana nan cikin koguna da tafkuna da damshin ƙasa, 'yar kaɗan, ba ta damun kowa. Mu ne muke gina mata gida. Abu uku take nema: ruwa mai ɗumi, ruwa tsayayye, da dattin da za ta ɓuya a ciki. Tana hayayyafa tsakanin digiri 20 zuwa 45 a ma'aunin Selsiyus, ta fi jin daɗi a wajen digiri 35 zuwa 37, wato daidai ɗumin jikin mutum. Maɓoyarta ita ce yauƙin nan da ke manne a bangon bututu daga ciki. A cikin yauƙin akwai wasu ƙananan halittu da ake kira amiba, su kan haɗiye ta da nufin ci, sai ta zauna a cikinsu ta yi ta haihuwa har su fashe. Abin da take yi wa amiba shi ne take yi wa ƙwayoyin tsaron da ke cikin huhun ɗan Adam.

Sai na huɗu, hanyar shiga jiki. Wanda ya sha ruwan ya sauka masa ciki lafiya, ba ta kama shi ta nan. Sai ruwan ya zama feshi, ƙananan ɗigo masu yawo a iska irin na shawa, mutum ya shaƙa. Ko kuma majinyaci ya ƙware yana shan ruwa, ɗan kaɗan ya bi hanyar numfashi. A al'ada ba ta tsallakawa daga mutum zuwa mutum, don haka killace majinyaci ba shi ne maganin abin ba. Ginin ne ba shi da lafiya.

Asibiti ya tara duk abin da take so. Gini ne babba mai bututu iri-iri, an yi ta ƙari da ragi shekara da shekaru. Mutanen da ke kwance a ciki kuwa su ne abincinta: waɗanda suka haura shekara 50, masu shan taba, masu daɗaɗɗen ciwon huhu ko ƙoda ko sukari, masu jinyar ciwon daji, waɗanda aka yi wa dashen gaɓa, da masu shan magungunan da ke raunana garkuwar jiki. Ƙididdigar CDC ta nuna kusan mutum ɗaya cikin 10 da suka kamu yakan rasu, amma in a wurin jinya aka kamu, abin yakan kai ɗaya cikin 4.

Matakin farko: ka san ruwan gininka

Kafin a sayi ko cokali ɗaya na magani, a haɗa mutanen da abin ya shafa: injiniyan gini, mai gyaran famfo, jami'in yaƙi da yaɗuwar cututtuka, shugaban ma'aikatan jinya, mai kula da masu tsabta, wani daga ɗakin gwaji, da wani daga shugabannin asibiti wanda sa hannunsa ke fitar da kuɗi. A ɗora nauyin a wuyan mutum ɗaya da sunansa, a kuma naɗa masa mataimaki. Aikin da aka ce na kowa ne, ba wanda zai yi shi. Ƙasashe da dama sun mayar da wannan doka. A Birtaniya akwai ƙa'idar da ake kira L8, a Amurka ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE ta fitar da ƙa'ida mai lamba 188 a 2015, kuma tun 2017 aka wajabta wa asibitocin da ke karɓar kuɗin inshorar gwamnati su mallaki rubutaccen tsarin kula da ruwa.

Aikin farko na wannan kwamiti shi ne zana taswirar ruwa, daga inda ya shigo harabar har famfo na ƙarshe. Kada a dogara da tsohon zanen da ke cikin durowa, domin da wuya ka ga ya dace da abin da ke ƙasa. A tashi a bi bututu da ƙafa, a buɗe kowace ƙofa.

Na taɓa bin irin wannan zagaye a wani asibiti. A ƙarshen wani dogon baranda muka tarar da ɗaki a kulle, aka ce mana sito ne. Da aka kawo makulli sai ga kwalayen safar hannu jibge har rufi. Mai gyaran famfon da ke tare da mu, dattijo ne da ya daɗe a wurin, ya tsaya yana kallon tayil ɗin ƙasa, ya ce, "Ranka ya daɗe, nan fa banɗaki ne a da." Muka janye kwalaye, sai ga kan shawa a bango da wurin wanke hannu, duka a haɗe da ruwa. Ya murɗa famfon, ya yi tari sau biyu, sannan ya tofo ruwa ja mai ɗumi da warin tsatsa. Babu wanda ya iya tuna ranar da aka buɗe shi ta ƙarshe. Kuma reshen bututun da ke kai masa ruwa daga jikin wanda ke shayar da ɗakin majinyata ya fito. Irin wannan ake nema a zagaye: ɗakin da aka sauya wa aiki, famfon da aka cire aka toshe bakin bututunsa aka bar tsawonsa a cikin bango, hitar da aka daina kunnawa ba a cire ba, tankin ajiya na ko-ta-kwana.

A kan taswirar a yi alama a duk inda ruwa ke zama feshi, a kuma yi alama ta daban a ɗakunan da majinyata masu rauni suke: sashen kulawa ta musamman, sashen jarirai bakwaini, na masu ciwon daji, na dashe, na wankin ƙoda. Inda alamomin biyu suka haɗu, nan za a fara.

Mataki na biyu: mai zafi ya yi zafi sosai, mai sanyi ya yi sanyi

Wannan shi ne ginshiƙin aikin, kuma kayan aikinsa ma'aunin zafi ne da littafin rajista. Ƙasa da digiri 20 ƙwayar tana kwanciya barci, ba ta mutuwa, ba ta ƙaruwa. A digiri 50 ta daina haihuwa ta fara mutuwa a hankali, cikin awoyi. A digiri 60 mafi yawanta na mutuwa cikin 'yan mintuna. A digiri 70 kusan nan take.

Saboda haka a ajiye ruwan zafi a tukunyar hita a kan digiri 60 ko sama. Ƙa'idar Birtaniya ta ce idan aka buɗe famfon zafi, cikin minti ɗaya ruwan ya kai digiri 50, a wuraren jinya kuma 55. Idan ginin yana da bututun da ke zagayawa da ruwan zafi ya komo tukunya, a auna zafinsa a wurin komowar ma, kada ya faɗi ƙasa da wannan adadi, kuma injin da ke tura shi ya riƙa aiki dare da rana. Akwai masu kashe shi da dare ko rage zafin hita don tsimin wuta. Wannan tsimi ne mai tsada, domin kowane dare ana mayar da ginin gaba ɗaya ɗakin ƙyanƙyasa.

Yadda ake aunawa: a zaɓi famfo mafi kusa da hita da mafi nisa a kowane reshe, a riƙa auna su kowane wata. Sauran famfunan a riƙa bin su bi da bi har a zagaye su duka cikin shekara. A buɗe ruwa, a sa bakin ma'auni a cikin zubowarsa, a duba agogo, a rubuta adadi da rana da sunan wanda ya auna. Ni dai idan na buɗe rajista na ga an jera 55, 55, 55 wata goma sha biyu da biro ɗaya da hannu ɗaya, na san a ofis aka cika ta. Ruwa na gaskiya yana hawa da sauka. Kuma adadin da ya fita daga ƙa'ida ba laifin mai aunawa ba ne. In ana yi masa faɗa a kansa, gobe zai rubuto abin da ake son gani.

A kula da gindin tukunyar hita. Ruwan zafi sama yake tashi, ƙasa ya fi sanyi, kuma can ne laka da tsatsa ke kwanciya. Ma'aunin da ke sama zai iya nuna 60 alhali gindin yana 40. A riƙa zubar da ruwan ƙasan ana dubawa, a buɗe tukunyar a wanke ta aƙalla sau ɗaya a shekara.

Sai matsalar ƙuna. Ruwa mai digiri 60 yana sale fata cikin daƙiƙu kaɗan, balle ta jariri ko tsoho ko wanda jikinsa ya shanye ba ya jin zafi. Kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Mafita ita ce a bar ruwan da zafinsa a cikin bututu, a sa bawul mai gauraya zafi da sanyi dab da bakin famfo, ya sauko da shi wajen digiri 41 don wanka da wanke hannu. Sharaɗin shi ne bawul ɗin ya kasance kusa da famfon sosai, domin duk tsawon da ke gabansa cike yake da ruwa mai ɗumi. Bawul ɗaya da ke shayar da banɗakuna shida ta dogon bututu, gyaran gangar auzinawa ne. Shi kansa bawul ɗin yana buƙatar a riƙa kwance shi ana wankewa.

Ruwan sanyi kuma ana so ya sauko ƙasa da digiri 20 cikin minti biyu da buɗe famfo. CDC ta ɗan sassauta, ta ce ƙasa da 25. A ƙasashe masu zafi wannan yana da wuya, domin ruwan kan iso da ɗuminsa tun daga tushe. Duk da haka akwai abin yi: a yi wa tanki rumfa, a naɗe bututu da abin tare zafi, a raba na sanyi da na zafi kada su bi rami ɗaya suna gugar juna, kada a bi da na sanyi ta ɗakin tukunyar hita ko cikin silin mai zafi. Inda sanyi ya gagara, sai nauyin ya koma kan gudanar ruwa da maganin kashe ƙwayoyi.

Mataki na uku: kada ruwa ya kwana a tsaye

Ruwa ba ya tsami banza. In ya tsaya, zafinsa ko sanyinsa ya koma na ɗaki, kulorin ɗin da ke cikinsa, wato sinadarin kashe ƙwayoyi, ya gushe, yauƙi ya samu sarari.

A rubuta jerin famfuna da shawa da ba a amfani da su kullum. Kowanne a sake masa ruwa aƙalla sau ɗaya a mako, a wuraren jinya sau biyu, a sassan majinyata masu rauni kuwa kullum. A buɗe zafi da sanyi duka, a bar su suna zuba na 'yan mintuna har zafin ruwan ya daidaita ya daina sauyawa. A yi shi a hankali ba tare da fantsama ba. In shawa ce da ta daɗe a rufe, a sauke kanta cikin bokiti ko dab da magudana, a buɗe taga, majinyaci kuma ba ya cikin ɗakin. Ma'aikacin da garkuwar jikinsa ke da rauni kada a ba shi wannan aiki.

Banɗakin majinyacin da ba ya iya tashi daga gado shi ne aka fi mantawa. Ɗakin a cike yake, don haka ba ya cikin jerin ɗakunan da babu kowa, amma shawarsa ta yi mako uku ba a taɓa ta ba. Ranar da ya samu sauƙi aka kai shi wankan farko, shi zai shaƙi abin da ya taru. Masu goge-goge ne suka fi kowa sanin waɗannan ɗakuna, kuma su ya fi dacewa a koya wa aikin a haɗa shi da sharar safe.

Sakin ruwa fa dabara ce ta wucin gadi, kuma in aka fara ba a dainawa. Famfon da babu mai bukatarsa a cire shi, a yanke bututunsa tun daga inda ya rabu da uwar bututu. Toshe baki a bar reshe a bango bai raba ka da matsalar ba, ɓoye ta kawai ya yi.

Mataki na huɗu: tanki da kan shawa

Tankin ajiya ya kasance da murfi mai rufuwa ruf, da raga a bakin bututun ambaliya don hana ƙwari da ƙadangaru. Mashigar ruwa da mafitarsa su kasance a ɓangarori masu fuskantar juna, don ruwan ya ratsa tankin duka. Kada girmansa ya wuce abin da za a shanye cikin kwana ɗaya. Idan tankuna biyu ne a haɗe, a tabbatar duka suna aiki, domin sau da yawa ɗaya ne ke cika yana ragewa, ɗayan yana zaune kamar kududdufi. A leƙa ciki da tocila aƙalla sau ɗaya a shekara, in an ga laka ko tsatsa ko yauƙi a wanke a sa magani.

Kan shawa da tiyonta a kwance su duk wata uku, a cire farin ɓawon da ke daskarewa a ramukan, a jiƙa su a maganin kashe ƙwayoyi, ko a sauya sababbi. Haka 'yar ragar da ke bakin famfo. A Ireland ta Arewa, tsakanin ƙarshen 2011 da farkon 2012, jarirai huɗu sun rasu a sassan jarirai sakamakon wata ƙwayar ruwan mai suna Sudomonas, kuma bincike ya kai ga kayan cikin bakin famfunan. Daga nan aka ƙara tsananta wata doka mai sauƙi: wurin wanke hannu na wanke hannu ne kawai. Ba a zuba ruwan wankan majinyaci ko ragowar ruwan jiki ko na magani a ciki, ba a ajiye kayan aiki a gefensa inda ruwa ke fantsama, kuma mai gogewa ya fara da famfo kafin kwano, kada tsumman da ya taɓa magudana ya koma bakin famfo.

Mataki na biyar: magani a cikin ruwa

Ruwan da hukuma ke turowa yakan zo da ɗan kulorin, amma kafin ya kai hawa na sama ya ragu, a ruwan zafi ma ya fi saurin gushewa. A riƙa auna ragowarsa a mashiga da kuma famfuna masu nisa. Idan a mashiga akwai, a ƙarshe babu, to ruwan yana daɗewa a hanya ko datti na cinye shi.

Inda zafi kaɗai ya kasa, ana ƙara na'urar zuba magani a kai a kai. Akwai kulorin dayoksaid, akwai monokuloramin wanda ya fi daɗewa a ruwa ya kuma fi ratsa yauƙi, akwai na'urar da ke sakin sinadaran tagulla da azurfa. Fitilar haske mai kashe ƙwayoyi tana aiki ne a inda aka kafa ta kawai, ba ta bin ruwa zuwa gaba. Kowanne yana da sharuɗɗansa kuma yana son ƙwararre da awo na yau da kullum. Gargaɗi ɗaya da ba a wasa da shi: kafin a zuba kowane magani a ruwan asibiti, a sanar da sashen wankin ƙoda. Sinadarin da ba ya cutar da mai sha yana iya fasa ƙwayoyin jinin wanda ke kan injin wanki idan ya tsallake matatarsu.

A ɗakunan da suka fi haɗari ana ɗaura matata mai ramuka ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, masu faɗin maikuron 0.2, a bakin famfo ko shawa. Tana tare ƙwayar nan take, shi ya sa take da amfani lokacin ɓarkewa. A rubuta ranar ɗaurawa a jikinta, a cire ta ranar da kamfanin ya ƙayyade.

Mataki na shida: hasumiyar sanyaya ruwa da sauran masu feshi

Manyan gine-gine kan yi amfani da hasumiya a kan rufi wadda ke sanyaya ruwa ta hanyar watsa shi cikin iskar fanka. Ruwa mai ɗumi, ƙura, da fanka mai cilla feshi nesa: shi ya sa mafi girman ɓarkewa daga nan suke fitowa. Na asibitin Stafford a Ingila a 1985 daga nan ne. Na birnin Mursiya a Sifen a 2001, inda aka tabbatar da mutum 449, an danganta shi da hasumiyar wani asibiti. A unguwar Bronx ta Kudu a New York a 2015 mutum 138 suka kamu, 16 suka rasu, abin da ya sa birnin ya kafa dokar yi wa kowace hasumiya rajista. Duk asibitin da ke da ita ya tabbatar ana zuba mata magani ba fashi, ana wanke ta aƙalla sau biyu a shekara, faifan da ke tare feshi yana nan lafiya, kuma iskarta ba ta fuskantar taga ko mashigar iskar gini. In an kashe ta na kwanaki, a wanke kafin a tayar.

Mutane kan tambaya ko ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki ta bango ko ta mota na kawo cutar. Ba sa sanyaya iska da feshin ruwa, don haka ba su ne abin tsoro ba.

Maɓulɓular ado a zauren karɓar baƙi ba ta da wurin zama a asibiti, a kashe ta a zuba furanni. Injin ƙanƙara yana yaudara: ƙanƙarar na da sanyi, amma injin da ke bayansa yana ɗumama bututun da ke kawo ruwa, kuma majinyatan da ake ba ƙanƙara su tsotsa su ne masu wahalar haɗiya. Kujerar likitan haƙori tana da siraran tiyo masu tara yauƙi, a riƙa sakin ruwansu kowace safiya da tsakanin majinyata. Kwamin haihuwa cikin ruwa kada a cika shi a ajiye da ɗumi ana jiran naƙuda.

Mataki na bakwai: bakin gado

Nan aikin ma'aikatan jinya ne, kuma gajere ne. Duk na'urar da ke tura danshi cikin hanyar numfashi, ko ta feshin magani ce, ko kwalbar da iskar oksijin ke ratsawa, ko injin taimakon numfashi, ba a zuba mata ruwan famfo. Sai tsarkakakken ruwa wanda aka kashe wa ƙwayoyi. Ɗauraya ta ƙarshe bayan wanki ma da shi za a yi, a bar kayan su bushe sarai. Ba a ƙara sabon ruwa a kan tsohon da ya rage a kwalba, zubarwa ake a sake. Masu dashe da waɗanda garkuwarsu ta faɗi ƙwarai, a ba su tsarkakakken ruwa ko tafasasshe don sha da wanke baki da ɗauraye tiyon abinci na hanci. Mai wahalar haɗiya a tayar da shi zaune kafin a ba shi ruwa.

Mataki na takwas: gwajin ruwa

Gwaji yana tabbatar da ko tsarin na aiki, amma ba ya maye gurbinsa. A ɗebi ruwan farko da ya fito ba tare da an bari ya zuba ba, domin shi ne abin da majinyaci ke samu, sannan a ɗebi na bayan an saki ruwa don a san halin cikin bututu. Kwalbar ta zama mai ɗauke da sinadarin da ke kashe ƙarfin kulorin, in ba haka ba ƙwayar za ta mutu a hanya a samu sakamakon ƙarya. Rainon ƙwayar a ɗakin gwaji yakan ɗauki har kwana 10, domin ba ta tsirowa sai a abinci na musamman mai gawayi da sinadarin ƙarfe. Gwajin PCR, wanda ke neman alamar halittar ƙwayar ba tare da raino ba, ya fi sauri, sai dai yana ƙirga matattu tare da rayayyu. A Birtaniya, samun ƙwayoyi sama da 100 a lita yana sa a sake duba tsarin, sama da 1000 kuma a ɗauki mataki nan take. A sashen masu rauni ko kaɗan aka gani ba a jira. Tun kafin a ɗebi ruwan a rubuta abin da za a yi in sakamako ya zo da matsala, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan an samu wanda ya kamu

Cutar kan bayyana kwana 2 zuwa 10 bayan shaƙa, wani lokaci har mako biyu. Ba ta da wata alama da ta keɓanta da ita, amma nimoniya, wato ciwon huhu, da ta zo da gudawa, ruɗewa, ciwon jiki da ƙarancin gishirin sodiyam a jini ta isa ta sa likita ya yi zargi, musamman in magungunan dangin fenisilin sun kasa. Ba sa aiki a kanta saboda a cikin ƙwayoyin jiki take ɓuya. Azitromaisin ko lebofuloksasin ake bayarwa, kuma jinkiri yana kisa. Gwajin fitsari yana ba da amsa cikin awoyi, amma nau'i ɗaya kawai yake kamawa, don haka a haɗa da majinar ƙirji. Ƙwayar da aka raino daga majina ita ake kwatantawa da ta ruwa a gane tushen. Akwai kuma nau'in rashin lafiyar mai sauƙi, zazzaɓin Pontiak, mai kama da mura wanda ke wucewa da kansa cikin 'yan kwanaki. Idan ma'aikata da yawa suka yi shi lokaci guda, a duba ruwa.

Mutum ɗaya da ya yi kwana 10 ko fiye a kwance kafin alamu su fara ya isa a buɗe cikakken bincike. Haka mutum biyu cikin wata 12 da suka yi wani ɓangare na kwanakin a asibitin. A sanar da hukumar lafiya. A dakatar da shawa a sashen, a koma wanka da tsumma, a ɗaura matata, a kawo ruwan sha daga wani wuri. A binciki sauran masu nimoniya na watannin baya. A ɗebi samfurin ruwa kafin a zuba magani, domin in aka yi gaggawar wankewa an goge sawun ɓarawo.

Bayan haka sai wankin gaggawa: ko a ɗaga zafin tukunya zuwa digiri 70 a bi famfuna ɗaya bayan ɗaya ana sakin ruwa mai aƙalla digiri 60 na minti biyar, da mai gadi a kowace ƙofa saboda ƙuna, ko a cika bututu da kulorin mai ƙarfi, kamar miligiram 50 a lita na awa ɗaya, sannan a ɗauraye. Duka biyun kan rage ƙwayar ne kawai. Yauƙin da ya tsira yakan mayar da ita cikin makonni ko watanni, muddin reshen da ya mutu ko hitar da ba ta kai zafi ba suna nan.

Irin wannan wanki ake yi wa sabon gini ko sashen da aka rufe aka gyara, kamar yadda aka yi ta fama da gine-ginen da suka zauna a kulle lokacin korona a 2020. Masu kwangila kan cika bututu da ruwa don gwada yoyo, sannan ginin ya yi watanni yana jiran bikin buɗewa. Ko dai a riƙa sakin ruwan kowane mako tun daga ranar da aka cika shi, ko a jinkirta cikawar. A wanke da magani dab da shigowar majinyata, a auna zafi a kowane famfo, a ɗebi samfuri, kuma kada a shigo da gado ko ɗaya sai sakamakon ya dawo.